Fuskar da Ba a Juya Ba

Wai zama ce! Jiya da la'asar, a kan bencin nan, da kunnena na ji ɗayanku yana cewa sana'ar Baba Sale ai zama ce kawai, a danna waƙa ta tashi, a miƙa littafi mutum ya wuce. Ban tanka ba saboda ina da baƙo. Yau ba ni da baƙo, kuma wayoyinku suna jikin cajina, babu inda za ku sai sun cika. To, ku gyara zama ku ji.

Aikin farko da maigidana Malam Buba ya ba ni a shagon nan, wani kaset ne da rediyo ta tauna. Zaren ya fito waje ya cukurkuɗe kamar taliya. Ya miƙo mini shi da biro da reza da 'yar kwalbar jan farce, ya ce, "Mai shi zai dawo bayan azahar." Na zauna na warware zaren a hankali, na yanke inda ya tsinke, na ɗiga jan farce na haɗa baki da baki, na zura biro a rami na naɗe. Ina ta jin kaina. Malam Buba ya sa a dek, na'urarmu ta jin kaset da ɗauka, ya karkata kunne, da aka zo wurin ɗinkin ya ɗaga hannu.

"Ka cinye wa malamin nan kalma," in ji shi. "Cewa ya yi bai halatta ba. Yanzu ka mayar da shi yana cewa ya halatta. Haka za ka miƙa wa mutum ya kai gidansa?"

Daga ranar na san reza a hannun mai kaset ba abin wasa ba ce. Damina guda cur na yi ban taɓa maɓallin ɗauka ba. Aikina goge kan dek da auduga da sifirit, kai batirin mota caji in ɗauko shi a ka, sai sauraro. Kowane kaset ya shigo shagon nan, sai na ji shi daga farko har ya tsaya, in juya ɗaya fuskar in ji ita ma har ta tsaya, sannan ya hau kanta. Waƙar noma ce, wa'azi ne, tafsiri ne, kiɗan 'yan dambe ne, duk ɗaya. In Malam Buba ya tsare ka ya ce me ke ƙarshen fuska ta biyu ka yi inda-inda, ranar ba ka da ta cewa.

Jera littattafai ma da kuke gani, ba tuli ake yi ba. Bangon hagu nasu ne, na dama na kaset. Na addini su ne a sama, ba a ɗora komai a kansu, kuma ba a haɗa su kanta ɗaya da kiɗa. Ƙasa da su na 'yan makaranta, sai na hikaya da mata ke aikowa a saya musu. Wani malamin firamare ya ɗauki al'ada, kullum in an tashi daga makaranta sai ya tsaya a gaban kantar nan ya zaro wani littafi mai kauri ya karanta a tsaye, in zai tafi ya sa tsinken tsintsiya inda ya tsaya. Abin ya ishe ni, na ce zan zare tsinken. Malam Buba ya harare ni ya ce, "Ka taɓa shi ka gani. Mai leƙe shi ne shago." Mutumin nan ya karance littafin tas bai saya ba. Amma da ya zama hedimasta, duk littafin da makarantarsa ke so, nan yake turo iyayen yara.

Wata mata ta taɓa tsallakowa ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, ranar kasuwa, da goyo a bayanta. Ba ta san sunan mawaƙi ba, ba ta san sunan waƙa ba. A motar haya ta ji, ta ce tana so. Na ce, "Baiwar Allah, to me aka ce a ciki?" Ta rufe baki da mayafi don kunya, ta ɗan yi gunjin kiɗan a maƙoshi, ko numfashi biyu bai kai ba. Na juya na zaro mata. Da ta ji ya tashi sai ta tafa hannu ta ce, "Wallahi shi ne!" Ku da kuke cewa komai yana waya, ku je ku yi wa wayar gunji mu gani. Haka manoman Sandamu suke zuwa bayan kaka, kowa da abin da ya ji a gonar wani. Haka direbobi, masu son dogon kaset da ba zai sa su sakin sitiyari ba.

Amma duk wannan ƙaramin aiki ne a kan lasifika. Waccan da ke rataye a ƙofa tana kallon titi, ita ce wuyar sana'ar. Kunnenka yana ciki, idonka yana waje. An fara kiran salla, ka kashe. An ɗauko gawa, tun daga nesa ka kashe ka miƙe tsaye. Kuma dole ka san wa aka yi wa zambo a wace waƙa, ka san 'ya'yansa da surukansa da fuska, don kada ka saki abin da zai sa mutum ya sunkuyar da kai a tsakiyar kasuwa. Wannan ne ba ku sani ba, kuma rashin saninsa ne ya jawo abin da zan faɗa muku.

Akwai wani mawaƙi a garin Babban Mutum, Tanko Mai Gurmi, Allah ya ji ƙansa. Ba a san shi a rediyo ba, amma a ƙasar nan har cikin Nijar in ya taɓa gurmi sai an waiwayo. A garin akwai wani mai awon hatsi, Ilu, lokacin yana matashi, bai je Makka ba tukuna. Aka yi suna a gidan Ilu, Tanko ya je da gurminsa, Ilu ya ce shi ba ya son kiɗa a ƙofarsa, ya sallame shi hannu wofi a gaban mutane. Tanko ya ƙulla. Ya shirya waƙa ya ce Ilu ya buga ƙasan tiyarsa ta lotse ciki, don in ya auna maka gero ka ga ta cika alhali an rage. Amshin shi ne, "Tiya ta lotse, Ilu bai gani ba." Ƙarya ce tsagwaronta, Tanko ma ya sani. Amma kiɗan yana da shegen daɗi. A nan cikin shagon aka ɗauke ta, ni na riƙe masa makirfo, ina yaro ban san me nake riƙewa ba.

Waƙar ta bi kasuwanni. Mata suka fara aiko yara wurin Ilu da tiyarsu ta gida, a auna a gabansu. Daga baya ma suka daina aikowa. Mutumin da bai taɓa tauye wa kowa ƙwayar gero ba ya zauna gaban buhuna yana korar kaji.

Sai aka yi shekarar yunwa. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye. Tanko ya kwanta ciwo, gidansa babu ko tsaba. Wata safiya matarsa ta buɗe zaure ta tarar da buhun gero a jingine. Aka bincika, ashe Ilu ne ya sa aka kai, ya hana a faɗa. Da Tanko ya samu sauƙi, ya hau mota ya zo nan. Ya ce wa Malam Buba, "Ɗauko uwar kaset ɗin nan, ka juya mini bayanta." Uwa ita ce ta asali, wadda ake buga sauran daga jikinta. Bayanta babu komai a lokacin. Tanko ya zauna a ƙasa nan wurin, ya ɗauki kiɗa iri ɗaya sak da na farko, ya warware duk abin da ya ɗaura. Ya ce shi ya yi ƙarya, ya faɗi dalili, ya faɗi buhun. Amshin ya koma, "Tiya ta cika, Ilu ya ƙara." Yana yi hawaye na zuba a kan gurmi.

Tanko ya so a shafe fuskar farko. Aka aika wa Ilu, ya ce a'a, a bar ta, in babu ta farko jikokinsa ba za su gane me ta biyu take wankewa ba, amma kada a ƙara buga ta. Malam Buba ya ɗauko jan zare ya ɗaure kaset ɗin. Al'adarmu ce masu kaset: wanda aka ɗaure da jan zare an kwantar da shi ke nan, ba a sayarwa, ba a sa shi a lasifika. Fuska ta biyu kaɗai muka buga muka watsa. Sunan Ilu ya dawo har ya fi da. In gardamar awo ta tashi a kasuwar Babban Mutum, tiyarsa ake aikawa a ɗauko a raba. Ya yi hajji, ya tsufa, ya bar wa ɗansa Hamisu rumfar. Malam Buba ya rasu ya bar mini shago, da kaset ɗin a ɗaure yadda yake.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce ta ruwan nan da ya rushe mini bangon baya. Da ma kasuwar kaset ta riga ta mutu, faifai ya zo ya tafi, kowa ya koma memori. Ruwa ya shigo ta ƙasa, littattafan kantar ƙasa suka sha suka kumbura kamar burodi. Muka kwashe kaset a buhuna muka kai gidan yayana don su bushe, ni kuma na tsaya a nan da magina, ina shanya littattafai a rana ina buɗe su shafi-shafi kada su manne.

Yayana yana da ɗa, Nazifi. Kun san shi, mai rumfar tura waƙa a bakin tasha. Ba yaro ba ne, da matarsa da 'ya'yansa. Ya ga buhuna a ɗakin ubansa, wai sai tausayina ya kama shi. Ya samo tsohuwar rediyo, ya ja waya ya haɗa da kwamfutarsa, ya dinga zura kaset yana kwashewa. Bai tambaye ni ba. Ya zo kan mai jan zare, ya tsinke zaren da haƙori ya zura. Da kaset ya kai ƙarshe ya tsaya, ya zare ya jefa a buhu ya ɗauki wani. Buhu guda na uwaye, ko ɗaya bai juya ba!

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da na dawo da kaya shago na ga kaset ɗin babu zare. Kafin in gama tunani, wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar nan, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Gurmin Tanko ne. "Tiya ta lotse, Ilu bai gani ba." Na bar shago a buɗe na nufi tasha.

"Nazifi, wa ya ba ka?"

"Baffa, ai ceto na yi maka. Da na bari da sanyi ya cinye su. Yanzu ga su nan ba za su taɓa lalacewa ba."

"Jan zaren da ka gani fa?"

"Na ɗauka don kada murfin ya buɗe ne."

"To ɗaya fuskar, ka ji abin da ke cikinta?"

Ya dube ni, ya dubi kwamfuta. "Wace fuska kuma, Baffa? Ai ya tsaya da kansa. Na ɗauka in ya tsaya ya ƙare ke nan."

Innalillahi! Mutum da gemunsa, yana cin abinci da waƙa, bai san ana juya kaset ba. Bai tsaya nan ba ma. Da ya ga masu zuwa rumfarsa suna dariya in an zo amshin, sai ya yanko shi kaɗai ya mayar da shi ƙarar kira, yana tura wa duk wanda ya miƙo waya. Na ce masa, "Ka san Alhaji Ilu yana raye? Ka san yana da 'ya'ya a kasuwa?" Ya ce shi wallahi ya ɗauka sunan tatsuniya ne. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba a sana'ar nan. Ban zage shi ba don darajar ubansa.

Na tisa shi a gaba muka kwashe fuska ta biyu. Na ce duk wanda ya zo rumfarka ka tura masa kyauta, ko ya so ko bai so ba. Ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ina! Mutum ya saurara kaɗan ya ce wannan ta yi tsawo, babu abin dariya a ciki, ya goge. Waccan kuwa ta riga ta tsallaka Kongolam, ta shiga wayar da ni da Nazifi ba za mu taɓa gani ba. A zamaninmu in ka kwantar da uwa, 'ya'yanta suna tsufa su tsinke, magana ta mutu. Wannan abin naku ba ya tsufa.

Ba a daɗe ba Hamisu ya zo. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Malam Sale, me muka yi muku?"

Na ba shi labari yadda aka yi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Jiya wata mata ta turo 'yarta rumfata da tiyar gida. Wai in auna da tasu. Yarana kuma in sun shiga makaranta ana bin su da waƙar. Baba ya daina fita masallacin kasuwa, a gida yake salla." Na ce zan je in durƙusa a gaban Alhaji. Ya ce ba sai na je ba, Alhaji ya ce shi zai zo.

Ranar kasuwa da hantsi suka iso, Hamisu ya goyo shi a babur. Ya tsufa ƙwarai, idanun sun yi fari, sai an riƙe masa hannu. Na zaunar da shi a bencin nan da kuke kai. Muka gaisa, na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Sale, ba wannan ya kawo ni ba. Kaset ɗin yana nan?"

"Yana nan, Alhaji."

"Juya mini bayansa."

Na goge kan dek, na zura, na rage murya yadda mu uku kawai za mu ji. Gurmi ya tashi, muryar Tanko ta fito tar kamar jiya ya zauna a nan. Alhaji ya sunkuyar da kai yana ji. Da aka zo inda Tanko ke cewa shi ya yi ƙarya, leɓen Alhaji ya motsa yana yi masa addu'a. Har ta ƙare bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ashe ban yi mafarki ba, ya faɗa. Sale, ka sa ta a ta waje. Yau kasuwa ce, mutanenmu suna gari. Su ji da bakinsa."

Na mayar da zare farko, na haɗa lasifika, na buɗe murya. Titi cike da mutane. Can tsallake 'yan acaɓa suna jere a inuwa suna jiran fasinja. Da gurmin ya tashi sai na ga sun ɗago kai gaba ɗaya, ɗaya ya yi ihu ya buga tankin babur. Na faɗa muku kiɗan iri ɗaya ne. Ba su jira sun ji me ake cewa ba. Tanko yana cewa "Tiya ta cika," su suna amsawa da ƙarfi, "Tiya ta lotse, Ilu bai gani ba!" Masu turin baro suka kama, yara suka kama, har da tafi. Na ƙara murya, suka ƙara tasu. Na fita bakin titi ina ɗaga hannu ina cewa ku saurara mana, ku ji abin da yake faɗa! Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, wannan taka ba orijina ba ce, an canja mata baiti. Bari in tura maka ta gaskiyar."

Na waiwaya. Hamisu ya miƙe zai tsallaka titi, uban ya riƙe masa riga. Na koma ciki, Alhaji ya lalubo hannuna.

"Kashe, Sale."

Na kashe. Can waje ba su daina ba, sai da suka kai amshin ƙarshe suka bushe da dariya. Babu wanda ya san tsohon da ke zaune a bencin nan shi ne Ilu.

Ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da wani abu a naɗe a tsumma. Ya warware. Tiya ce, tsohuwa, bakinta ya sha hannu har yana sheƙi. Ya kifa ta a cinyarsa, ya kamo hannuna ya ɗora a kan ƙasanta.

"Shafa."

Na shafa. Sumul take, ko alamar lotsewa babu.

"Ita ce tun ta wancan lokacin, ban taɓa canja ta ba," in ji shi. "Na taho da ita ne don in wani ya tambaya in nuna masa."

Ya zauna da ita a kife a cinyarsa har aka kira azahar, jama'a na wucewa ta gabansa. Babu wanda ya tambaya.